Shekara Bakwai Zuciyarka Tana Ƙasaru

Tambaya:

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, ya jiki, ya iyali? Ni ɗan Zariya ne, shekaruna 34. Turanci na karanta a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na koyar shekara biyu a wata makarantar kuɗi, sannan na fita a ƙarshen 2018. Da Istanbul na fara, a wata cibiyar koyar da manya Turanci. Da kuɗin Turkiyya ya faɗi a 2021, albashina ya daina kai ni ƙarshen wata, sai na koma Phnom Penh a Kambodiya, na yi shekara guda. Daga nan na wuce Ho Chi Minh a Biyetnam, shekara ɗaya da 'yan watanni. Yanzu ina Hat Yai a kudancin Tailan, ina ƙarasa shekara ta biyu a wata sakandare.

Kawu, wallahi babu abin da aka yi min a nan. Ga masallaci kusa da ɗakina, ga abincin halal ko'ina, yaran akwai ladabi, albashina baht 27,000 ba ya latti. Duk wata ina tura wa Hajiya kuɗin cefane, ni ke biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta. Amma da Fabrairu ta kama, aka fara maganar sabunta kwantiragi, sai in ji ƙirjina ya cushe. Dare ya yi ba barci, ina ta duba tallan aiki a waya: Tashkent, Riyad, Maskat. Haka na riƙa ji a ko'ina kafin in tashi.

Akwai wani abokin aikina ɗan Kamaru, mutumin Bamenda, shekararsa 12 a makarantar nan. Ya yi aure, 'ya'yansa suna jin harshen garin kamar 'yan ƙasa, har da ɗan lambunsa a bayan gida. Wani lokaci in dube shi in ce ina ma ni ne, wani lokaci kuma in ce a raina wannan ai mutuwar zuciya ce. Ga kuma yarinyar da aka kai min kuɗin gaisuwa gidansu shekara biyu ke nan. Mahaifinta ya fara tambayar yaushe za a sa rana, Hajiya ta ce ko in dawo ko in ɗauke ta. Ni kuwa ban san inda zan kasance baɗi ba. Rashin godiyar Allah ne ke damuna, ko zuciyar nema ce? In sa hannu ko in ƙara gaba?

Malamin Turanci, Hat Yai

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Jiki da sauƙi, ɗana, iyali lafiya lau. Allah Ya yi maka albarka bisa ɗawainiyar Hajiya da ƙannenka.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Zancen rashin godiya ka sauke shi daga kanka tun yanzu, domin butulu ba ya fara lissafa masallaci da ladabin yara kafin ya kawo kukansa. Amma kuma ba zan sallame ka da cewa zuciyar nema ce ba. Mai nema ya san abin da ya fita nema. Na duba wasiƙar daga sama har ƙasa, ban ga inda ka ambaci abu guda da kake sa ran samu a Tashkent wanda babu shi a Hat Yai ba. Sunayen garuruwa kawai ka jero min.

Kai ɗan Zariya ne, ka san karatun zaure da muka tashi da shi. Matafiyi yana yin ƙasaru, azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu. A mazhabarmu ta Malikiyya, da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, ƙasaru ya yanke, sai ya koma cika sallarsa. Wanda kuwa yake ta cewa gobe zan wuce, jibi zan wuce, yana jiran wata buƙata da bai san ranar biyanta ba, to shi matafiyi ne har yanzu ko da kwanakin sun yi yawa. Niyya ce ke mai da mutum mazauni. Na san kai sallarka cika ta kake yi. Zuciyarka ce shekara bakwai tana ƙasaru. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: kalma nawa ka iya a harshen mutanen da ka shekara biyu kana cin abincinsu? Gidan maƙwabci nawa ka taɓa shiga gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa? Akwatin da ka zo da shi daga Biyetnam, ka kwashe kayan ciki gaba ɗaya, ko akwai sauran da ka bari don kada ɗaurin ya yi wuya?

Wannan magana ta ƙasaru ba ƙirƙirata ba ce, ni aka fara gaya wa ita. A farkon shekarun 1990 na koyar da Turanci a wata makaranta a Damagaram. Za ka ce ai nan gida ne, Hausa ake yi a kasuwa. Haka ne, amma a makaranta Faransanci ke mulki, ni kuma baƙo ne mai koyar da harshen da yara ke gani sau 'yan kaɗan a mako. Shekara uku na yi da katifa a ƙasa da akwatin ƙarfe a kusurwa. Duk hutu ina lissafin Yamai, ko Libiya, ko Gabon inda ake ta labarin malamai suna samun kuɗi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan masarufi suka tashi, wasu abokan aikina suka tattara suka tafi. Na je na sami mai gidan da nake haya, wani dattijo mai sana'ar fata, na ce masa ni ma da alama tafiya zan yi. Ya dube ni ya ce, Malam, ai ni ban taɓa ganin ka zauna ba balle ka tashi, tun da ka zo ƙasaru kake yi. Maganar ta tsaya min a rai har mako guda. Bayan nan na yanke wa kaina wa'adi: ba zan bar garin ba sai ajin da na karɓa a shekararsu ta farko sun zana jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Na je Katsina na ɗauko matata, na sa kafinta ya yi min gado da teburi. Kuɗin ya fi na da rashin auki, amma shekarun nan uku na ƙarshe su ne mafi daɗi a duk koyarwata. Da wa'adin ya cika na dawo gida, zuciyata wasai.

Sai dai kada ka ɗora wa kanka laifin duka, domin sana'ar da kake yi haka aka gina ta. Kwantiragin shekara guda ne. Bizarka da takardar izinin aikinka a ɗaure suke da makarantar, ranar da aikin ya ƙare zamanka ma ya girgiza. Duk kwana 90 sai ka sanar da ofishin shige da fice inda kake kwana, kamar ana tuna maka kai baƙo ne. Shekarar karatu ta ƙare a Maris, a buɗe a tsakiyar Mayu, kuma a tsakani dole a tambaye ka, za ka zauna ko za ka tafi? Malamin firamare a Tudun Wada babu mai yi masa wannan tambaya duk shekara. Mutumin da ake yi wa ita kuwa, ko ba shi da niyyar tashi, wata rana sai ya fara leƙen hanya. Ga shi kuma da yawa daga abokan aikinka na ƙasashen Turawa matasa ne da suka zo shan iska na shekara ɗaya ko biyu kafin su koma gida su kama aikinsu na gaske. Duk ƙarshen zango ana liyafar bankwana, ana rungume-rungume, wanda ya rage sai ya ji kamar shi jirgi ya bari a tasha.

Abin da ya fi wannan cin rai shi ne rashin matakala. A gida, mai digiri da ya shiga koyarwa a gwamnati yana farawa daga mataki na 8, ya san akwai na 9 da na 10, akwai mataimakin shugaba, akwai fansho komai ƙanƙantarsa. Kai kuwa littafin da ka koyar a Phnom Penh ƙanin wanda ka koyar a Ho Chi Minh ne, darasin gaisuwa da tambayar hanya da sunayen kwanaki, shekara ta bakwai kamar ta farko. Mai hankali ba zai rasa jin wani abu yana cizonsa ba. Wannan cizon gaskiya yake gaya maka, ka saurare shi. Inda ka yi kuskure shi ne maganin da kake ba shi. Yana ce maka ka hau sama, kai kuma sai ka matsa gefe.

Akwai kuma abin da ba ka rubuta ba, amma na san yana nan. Bature da takardar kwas ɗin mako huɗu zai zo a biya shi fiye da kai mai digiri a Turanci da shekara tara a gaban allo. A Tailan ɗin, wanda ba ya cikin 'yan tsirarun ƙasashen da suka ɗauka su ne masu harshen sai ya kawo sakamakon jarrabawar gwajin Turanci irin TOEIC. Koriya ta Kudu ma bizarta ta koyar da Turanci asali ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wannan rashin adalci ne, kuma ba na so ka saba da shi har ka daina ganinsa. Amma ka sani zai riga ka sauka a duk filin jirgin da ka nufa. Abin da na ga yana rage masa kaifi shi ne takarda mai nauyi, da kuma sunan da mutum ya yi a wuri ɗaya har manyan wurin suka iya tsaya masa. Duk tashin da ka yi, sunan nan kake bari a baya ka koma sabon shiga.

Tashinka daga Istanbul ba ni da ta cewa a kansa. Albashi ya daina riƙe ka, ga mutane a wuyanka, zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi. Sauran biyun ne ba ka ba ni dalilinsu ba, kuma ina zaton babu wani dalilin da ya wuce wannan cushewar ƙirji. Ga abin da ke faruwa. Watanni shida na farko a sabon gari suna da daɗi saboda kai a cike yake: neman ɗaki, neman masallaci, gano mahauci Musulmi, koyon kuɗin ƙasar, haddace hanyar makaranta. Babu sararin tunani. Da komai ya daidaita, ɗaki ya yi tsit, sai tambayoyin da ka baro a wancan garin su ƙwanƙwasa ƙofa: shekaru suna tafiya, aure fa, wannan aikin ina zai kai ni, wa zai riƙe ni in na tsufa? Sai ka ɗauka garin ne ya gundure ka, alhali shagaltar da kai kawai ya daina yi. Ka sayi tikiti, ka sami hutun wata shida, tambayoyin su sake cim maka. An gudu ba a tsira ba.

Mu Hausawa ba baƙin tafiya ba ne, kuma kakanninmu sun bar mana hanya biyu da mutum zai yi nesa da gida hankalinsa kwance. Ta farko ita ce ta ɗan cin rani. Yana fita bayan an kai amfanin gona rumbu, ya san abin da ya je nema, sadaki ne ko sa ko kwanon rufi, kuma da hadarin farko ya haɗu ya kama hanyar gida. Yana kwana a rumfa bai damu ba, domin ranar komawa tana hannunsa. Ta biyu ita ce ta mutanen zango. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, wasunsu sun sauke kaya a Salaga da Kumasi, suka gina masallaci, suka yi aure, suka naɗa sarkin zango, jikokinsu suna can har yau. Haka mahajjatan ƙafa da suka tsaya aikin auduga a Jazira ta Sudan, da yawa can suka kafa gida. Ɗan cin rani yana da natsuwa, ɗan zango ma yana da ita. Wanda ke wahala shi ne na tsakiya, ba shi da ranar komawa, bai kuma kafa turke ba. A nan kake tsaye, ɗana. Ba zan ce maka ga wadda za ka zaɓa ba, dukansu hanyoyin mutunci ne. Amma sai ka zaɓi ɗaya.

Shi kuma ɗan Bamendan, ka daina yanke masa hukunci daga nesa. Ka saya masa shayi ka tambaye shi. Izinin wucin gadi da hukumar malamai ta Tailan ke ba baƙi yana da iyaka, ba a sabunta shi har abada. Mutumin da ya kai shekara 12 a aji a ƙasar, da wuya a ce bai zauna ya yi karatun samun cikakken lasisi ba. Wato kwanciyar hankalin da kake gani aiki aka yi mata. Sannan ka tuna daga ina ya fito. Tun ƙarshen 2016, da yajin aikin lauyoyi da malamai, yankinsu na masu Turanci ya faɗa rikici, makarantu suka daɗe a rufe, mutane da yawa suka rasa muhalli. Mai yiwuwa zaman nasa ba duka zaɓi ba ne, ya dai karɓi abin da Allah Ya ba shi ya shuka lambu a kai. Kai da kake da gidan da za ka koma duk ranar da ka so, ka sassauta masa.

In kana so ka bambance wadatar zuci da mutuwar zuciya, ka leƙa ajinsa, nan ake ganewa. Mai matacciyar zuciya ya daina shirya darasi, bai san sunan yara ba, agogo yake kallo. Mai wadatar zuci har yau yana jin zafi in yaro ya faɗi, tsofaffin ɗalibansa suna dawowa gaishe shi. Ka lura a watan Yuni, ranar da yara ke durƙusawa su miƙa wa malamai furanni, ka ga yadda suke zuwa gabansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Bai ce a daina nema ba. Na san mutanen da suka shekara talatin a gari ɗaya suna ƙunci, na kuma san direbobin dogon zango da zuciyarsu take kwance kamar ruwan randa.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, kuma a ƙarshen wasiƙa ka sako ta kamar ƙarin bayani. Yarinyar nan. Shekara biyu ke nan ita ma tana ƙasaru, kuma ba ita ta zaɓa ba. Tun da aka karɓi kuɗin gaisuwarka aka rufe ƙofa ga duk wani mai nema. Ƙawayenta suna ta tarewa, ana tambayarta a biki yaushe ne naki, ba ta da amsa sai murmushi. Kai in ka ɓata shekara a ruwan ido, taka ce. Tata shekarar ba ka da ikon ɓata ta, haƙƙi ne, kuma Allah zai tambaye ka. Mahaifinta da ya fara tambaya ya yi haƙuri matuƙa, wani da tuni ya mayar da kuɗin. Saboda haka wannan magana ita za ka fara warwarewa kafin ta kwantiragi. Ko dai magabatanka su je su faɗi wata da shekara, ko kuma, in ka duba zuciyarka ka ga ba za ka iya ba, ka sake ta cikin mutunci tun da sauran lokaci, ka nemi gafararta.

In auren za a yi, ka yi magana da ita kanta, ba ta bakin Hajiya ba. Ka gaya mata gaskiyar wurin: babu dangi, babu maƙwabciyar da za ta leƙa su yi hira da Hausa, za ka fita tun kafin a ɗaga tuta ƙarfe takwas, ba za ka dawo ba sai la'asar. Ka ji ko tana da karatu ko sana'ar da take so ta ci gaba da ita. Akwai bizar iyali ga matar mai izinin aiki, ka je ka tambayi sharuɗɗanta da kanka, ka kuma zauna da biro ka ga ko baht 27,000 zai riƙe mutum biyu da cefanen Hajiya da makarantar yara biyu. Kada kuma ka ɗauko ta a matsayin maganin kaɗaicinka. In ka kawo 'yar mutane ƙasar da ba ta san kowa ba, bayan wata takwas ka ce mata ku ɗaure kaya sai Tashkent, ka zalunce ta.

Ka tambaye ni kai tsaye, ka sa hannu ko ka ƙara gaba. Ra'ayina ka yi istihara, ka sa hannu. Amma ba irin sa hannun da ka saba ba, na bari in ga abin da hali zai yi. Ka sa hannu da niyyar zama, ka kuma rubuta wa zaman wa'adi da aikin da zai yi maka.

Riyad da Maskat ba laifi ba ne a so su, ga kusanci da Harami, ga albashin da ya fi. Sai dai guraben kirki a can, irin na shekarar share fage a jami'o'i, galibi digiri na biyu suke nema da takardar koyarwa irin CELTA. In ka tafi yau, ta ƙaramar ƙofa za ka shiga, ka sake tarar da littafin gaisuwa yana jiranka. CELTA ta Kambirij mako huɗu ce in an yi ta a jere, ana yin ta a Bankok da Chiang Mai, kuma dogon hutunku na Afrilu ya ishe ta. In hutun bana na ɗaurin aure ne, to ta jira na baɗi, aure ya fi ta gaggawa. Digiri na biyu kuwa ba sai ka yi nisa ba. Jami'ar Prince of Songkla tana nan cikin Hat Yai, kuma da ka tsallaka iyakar Maleshiya ga Jami'ar Utara a Sintok, jihar Kedah, inda 'yan Arewa da dama suka yi karatu. Ka bincika wace ce za ta yiwu tare da aiki. Shekara biyu ko uku a haka, za ka tashi a matsayin wanda ake nema.

A makarantar ma ka nemi abin da zai ɗaure ka da mutane. Ka roƙi shugaba ya bar maka aji ɗaya ka bi su shekara zuwa shekara har su fita, ko ka kafa ƙungiyar muhawara ka kai su gasa. Malamin da bai taɓa ganin yaron da ya karɓa ba ya iya haɗa jimla ya tsaya gaban jama'a yana magana ba, bai ɗanɗani zumar sana'ar ba tukuna, kuma wannan zuma ba ta nuna a shekara guda. Ka nemi mai koya maka harshen Tai sau biyu a mako. Ka riƙa tsayawa bayan sallar isha'i ana hira da kai ko da rabi kake ji. Tallan aikin nan kuma ka cire su daga wayarka, ka ba su lokaci guda a shekara, hutun Oktoba, ka duba su da rana tsaka da takarda a gabanka. Abin da mutum ya gani a waya ƙarfe biyun dare kullum ya fi nasa kyau.

Kuɗi ma ka yi musu iyaka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, abin da kake turawa yana yin yawa a ido, amma siminti da shinkafa ma sun bi ta. Idan babu adadin da ka ce in na tara shi na gama, ba za ka taɓa jin ka gama ba. Ka rubuta shekarar da kowane ƙanenka zai kammala, ka rubuta abin da kake so ya zama naka, fili ne ko gini ko jarin buɗe taka cibiyar a Zariya ko Kaduna, ka ware masa kaso duk wata kafin ka tura wa kowa. Ba ka da fansho, kai ne fanshon kanka. Ka faɗa wa Hajiya wannan lissafi, uwa ce, za ta fi kowa son ta ji akwai shi.

Batun barci da ƙirji kuma ban raina shi ba. In yana zuwa ne lokacin kwantiragi ya wuce da an sa hannu, to tunani ne. In kuwa ya zarce, abinci ya fita ranka, abubuwan da kake so suka daina yi maka daɗi har mako biyu ko fiye, ka je ka ga likita, akwai manyan asibitoci a garin. Ba raunin imani ba ne, jiki da jini ne.

Daren Juma'ar nan ka kira yarinyar, ku yi magana ta gaskiya, ka bar ta ta faɗi nata har ta gama. Washegari ka kira baffanka ka gaya masa abin da kuka tsayar, domin shi zai je gaban mahaifinta. Sai bayan nan ka shiga ofishin shugaban makaranta. In an sa rana ka rubuto min, ka kuma gaya min abin da ɗan Bamenda ya ce da ka tambaye shi. Ka gaishe min da Hajiya.

Kawu